Farcen Mista Rusnak

"Sake taɓa shi ki gani," in ji Travis.

"Ai sai na taɓa shi, ɗana. Abin da ya kawo ni ke nan," in ji Odessa.

Odessa Tillery ta daɗe tana kitso a wani shago a birnin Toledo kafin ta koyi aikin na'urar da ke ɗaukar motsin ƙwaƙwalwa. Har yau tsagar kitso take yi wa gashi kafin ta manna wayoyi a fatar kai. Yau kan mahaifin Travis ne, Mista Rusnak, mai walda, wanda zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Abokan aikinsa sun yi ta danna ƙirjinsa har haƙarƙarinsa suka karye. Zuciya ta dawo, shi bai farka ba. Gobe likitoci za su zauna da iyalinsa a kan cire injin numfashi, kuma da abin da wayoyin nan suka nuna za a yi maganar.

Ka'idar gwajin ita ce a kira sunan mutum, a tafa a kunnensa, sannan a ji masa zafi, a duba ko layukan da ke allon na'urar sun canza.

Ta ɗora biro a kan farcen Mista Rusnak ta danna. Travis ya fizgo ta ta wuyan riga ya maka ta da bango. Leɓenta ya fashe, kwalbar gam ta tarwatse a ƙasa. Wata nas ta zabura za ta kira masu gadi.

"Ƙyale su," in ji Odessa, tana tofar da jini a auduga. "Kai kuma ƙaton banza, ka girgiza gado ka ɓata min gwaji. Tunda hannunka na ƙaiƙayi, zo ka danna da kanka."

"Ubana ne fa!"

"Shi ya sa. In aka lallaɓa shi ba zai ji ba, gobe a ce babu kowa a ciki."

Ya karɓi biron. Ya danna har jini ya tsattsafo a gefen farcen, yana ihu, "Tashi mana, tsoho! Tashi!"

Layukan da ke tafiya a kasalance suka tsuke, suka ƙara sauri, sannan suka koma. Odessa ta sa alama a wurin.

"Ya ji?"

"Wani abu ya amsa. Iyakarsa kuma sai likita, ba ni da bakin faɗa. Goge masa yatsan."

Ta tura keken na'urarta ta bi ta kan fasasshiyar kwalbar, auduga a baki, ta nufi ɗaki na gaba.