Zanen da Aka Ɗaure Mini Ƙirji da Shi

Haihuwata ta fari, daga Gusau aka kwashe ni zuwa gidanmu a Nahuce don wankan jego. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta karɓi aikin. Safe da yamma ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini. Ina fitowa ta dire mini ƙwaryar kunun kanwa.

"Shanye shi tas, nono ya zo ma ɗiya."

Na sha har na tsani warin kanwa. Nono kuwa ya zo, jaririyata ta yi ɓulɓul, ni ma na cika.

Da arba'in ta matso, sai bakin ya juya. Matan da suka yi ta ɗura mini kunu, su ne suka fara kallon ƙirjina suna taɓe baki. Gwaggo ta kirawo wata mai gyaran jiki daga Tsafe. Matar ta ɗaga mini riga ba ko neman izini, kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Subhanallahi! Kin bari ta tsotse ki sarai. Da wanga jiki za ki koma ma miji? A ɗaure, a rage ba ta."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Jikin da ya ɗauki ciki, ya sha naƙuda, yake ciyar da mutum, wai shi ne ya lalace! Kuma maganar ta shige ni. Ni da ban damu da madubi ba, na koma tsayawa gabansa ina jin kunyar kaina.

Suka tamke ni da zane har numfashi na yi mini wuya. Aka ce sai lokaci-lokaci zan kwance, a tsakani a ba yarinya ruwa. Kafin la'asar ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, nono ya jiƙa zanen, jaririyar kuma tana ta tsala kuka tana wawurar rigata. Abincinta na zuba a tsumma, tana kallo.

Na dubi Gwaggo, tana sunkuye bakin murhu, zane a ƙugu, nata ƙirjin ya kwanta shafal.

"Gwaggo, 'ya'yanki da kike alfahari da su, da me kika raine su?"

Ta daɗe tana tura itace cikin wuta.

"Da shi. Shi ya sa nika gaya miki. Tun da na yaye na fari, babansu bai ƙara dubana ba."

Na fincike zanen, na sa yarinya a nono, ta kama har da ajiyar zuciya. Haushin bai tafi ba, amma ya tashi daga kan Gwaggo. Ita kuwa ta ɗauke zanen ta wanke, da ya bushe ta dawo ta goya jaririyar da shi.