Mamman Mai Sanin Uwar Kowace Saniya

A Dalijan aka haifi Mamman, cikin shanu ya girma, kuma shekara arba'in ke nan in aka yi gardamar saniya a karar Gwandu, wato kasuwar shanu, shi ake kira. Bai yi karatun boko ba, ko sunansa bai iya sa wa takarda ba. Amma ya dubi maraƙi sau ɗaya, sai ya faɗa maka uwarsa da kakarsa da garken da suka fito. Mutumin fa akwai taurin kai, ga baki, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

To, bana kan ya fara yi masa gardama. Ran nan a kara ya tsaya gaban wata karsana, sunan uwarta ya ɓace masa ɓat. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Tsoro ya ji ƙwarai, don ya san ranar da sanin nan ya gama zubewa daga kansa, mai ƙarfi zai janye saniyar marar ƙarfi ba mai cewa uffan.

Ɗiyarsa Hafsat tana karatun kwamfuta a Kalgo. Aikinta na gama makaranta a kan wani abu ne wai shi bulokcen, rijistar da ake ajiye kwafinta a na'urori da yawa, ba mai iya goge layi ɗaya a ɓoye. Ta ce za ta zuba abin da ke kansa a ciki.

Suka zauna gindin tsamiya, inda sabis ke ɗan kamawa. Ta shigar da saniya ɗaya, waya ta yi ta juyi. Kafin azahar bakwai kawai suka shiga.

"Baba, hanyar ce ta cushe," in ji ta. "Duk duniya a layi ɗaya ake. Masana ma yanzu neman yadda za a faɗaɗa ta suke."

"Kai! Shanu dubu nawa ne a kaina, ke kuma kina tura su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gero? Wa ya ce miki haka ake kiran shanu? Uwa ake kira, 'yar nan. Ki kira Goshi, 'ya'yanta da jikokinta su biyo ta."

Hafsat ta kashe wayar ta miƙe. Ta koma Kalgo, mako uku ba a gan ta ba. Da ta dawo ta sake tsarin: a tara zuriyar uwa guda a waya ko babu sabis, a ɗaure su dami ɗaya, in sabis ya zo a tura. Cikin damina suka kwashe abin da ya saura a kansa. Wasu gidajen shanun sun riga sun ɓace masa, ya yi hawayensu bai ɓoye ba.

Bayan girbi aka kama karsanar Dije, wata gwauruwa daga Ceberu, a hannun wani mai cewa tasa ce. Aka kira Mamman. Ya zo ya tsaya, ya duba, ya sake dubawa. Babu abin da ya zo masa a kai.

Hafsat ta matso ta dubi waya, ta raɗa masa: "Baba, 'yar Baƙar-wuya ce ta garken Dije, jikar Goshi."

Ya gyara murya, ya yi kiran da ake yi wa gidan Goshi tun yana yaro. Karsana ta ɗaga kai, ta fizge igiya, ta nufo shi.

A hanyar gida ya ce, "Wayarki ta riƙe suna, amma ba ta iya kira ba. Gobe da safe ki zo garke in koya miki, tun ina tunawa."