Robar da Aka Ɗaure Mani a Dantse

Shekara ashirin ina kitso a Yashe kafin hannun dama ya fara cin amanata. Babban yatsa da biyu na kusa da shi suka riƙa mutuwa, sai in ga tsinken kitso a ƙasa ban san ya faɗi ba. Ga bikin autata saura wata uku, na kuwa rantse ba mai taɓa kanta sai ni.

Mijin ɗiyata ta fari ma'aikacin asibiti ne, yana zaune a Kankia. Shi ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ana tsagawa a sake ta. Ba ni ya faɗa wa ba, ɗiyar ya faɗa wa, don tun da ya aure ta ban taɓa haɗa ido da shi ba. Lokacin an fara zuba kwalta ko'ina, ya sa mu a mota har birni.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Da aka kwantar da ni, sai na ji muryar wanda zai yi tafinta. Innalillahi! Surukina ne, tsaye a kaina, ga dantsena a buɗe. Na ja mayafi na rufe fuska.

Aka yi mani allura a tafin hannu, wurin ya mutu. Sai suka ɗaga hannun, suka naɗe dantsen da wata jar roba mai faɗi, suka ja, suka ƙara ja.

Surukin ya ce, "Inna, wannan don ta tsai da jini ne. Allurar ba ta kai nan ba. Likita ya ce in ta matsa maki da yawa ki faɗa, a sassauta."

In faɗa wa wa? Shi?

Wuƙar ban ji ta ba. Robar ce. Da fari kamar an ɗora mani turmi, can sai wuta ta kama daga dantse tana gangarowa. Hannun ya yi sanyi kamar ba nawa ba. Na ciji mayafi. Ina jin ƙarar ƙarafa a faranti, gumi na shiga mani kunne, tsoro ya cika ni.

"Inna, yaya robar?"

"Da sauƙi," na ce ta cikin mayafi.

Sau uku yana tambaya. Ni da na haifi bakwai ba wanda ya ji kukana, yau in yi raki gaban mijin ɗiyata? Haba!

Ɗinkin ya warke tsaf cikin sati biyu. Amma in na ɗaga hannun, sai ya lanƙwashe daga wuya ya rataya. Da aka mayar da ni, likitan ya yi ta faɗa, ya ce robar ta danne wata jijiyar, me ya sa ban yi magana ba? Ya ce watakila ta farfaɗo, watakila a'a. Surukin ne ya fassara.

Ranar kitson amarya wata mata aka ɗauko daga garin Boko. Ina zaune ina kallon tsagarta a karkace, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Sai na ji sallamar surukina, ya durƙusa a bayan asabari.

"Inna, yaya hannun?"

Na dubi hannun kwance a cinyata. Na ce, "Da sauƙi."