Igiyar Malama Adawiyya

Ƙarfe bakwai na safe take fitowa daga gidanta a unguwar Takur da ke Dutse, da farin hijabi da jaka guda a kafaɗa. Masu babur na bakin layin duk sun san jakar nan, sun kuma san babu magani a cikinta. Igiya ce mai tsawon mita talatin a naɗe, da manyan ƙusoshi biyu, da agogo, da wata ’yar na’ura kamar kwalin ashana da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. Sai wani littafi mai baƙin bango da ya sha hannu. Wata rana Limawa za ta nufa, wata rana ƙauyukan da ke kan hanyar Ringim, ba ta dawowa sai bayan la’asar. Shekara huɗu tana haka.

Sunanta Malama Adawiyya Sadisu, ma’aikaciyar jinya ce, watan jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar tana aiki. An yi mata walima a harabar asibiti, an sha lemo, an ba ta agogon bango. Na je. Mutum shida suka yi jawabi, kowa ya yabi haƙurinta da zuwa aiki kan lokaci, amma ko ɗaya bai ambaci igiyar ba. Abin ya ɓata min rai, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A shekarar da korona ta shigo, mahaifina Malam Abdurrahim, limamin wani ƙaramin masallaci a Limawa, yana cikin waɗanda aka ɗauka aka killace. Ba na son tuna lokacin. Rabin unguwa suna cewa cutar ƙarya ce, rabi kuma suna tsallake titi idan sun hango ɗan gidanmu. Kwana goma sha tara ya yi aka sallame shi, muka yi sadaka, muka rufe zancen kamar ba a yi ba. Bayan ’yan watanni ya miƙa wa na’ibinsa sallolin da ake bayyana karatu, ya ce lokaci ya yi da za a bar wa matasa. Muka yaba masa, mu ga masu uba mai sauƙin kai.

Da shekara ta zagayo, wasu likitoci daga wata jami’a suka zo da bincike: suna son sanin abin da korona ke bari a jikin wanda aka sallama. Suka tattara sunayen mutum ɗari da arba’in da uku na Dutse da kewaye, suka ce a kira kowa a waya a tambaye shi yadda yake ji. Malama Adawiyya aka ɗora wa kiran, ita da wata abokiyar aikinta. Fom ɗin yana da gidaje biyu, na wanda ya warke da na wanda bai warke ba.

To, kai mai karatu, ka taɓa tambayar mutumin Jigawa jiki ya ce maka babu sauƙi? Mu da aka raina a kan cewa ƙorafin ciwo rashin godiya ne? Duk wanda ta kira, amsa ɗaya ce: “Alhamdulillahi, da sauƙi.” Matan kuwa yawanci ko wayar ba sa ɗauka, maigida ne zai amsa musu, shi ma da sauƙin zai ce. Cikin mako uku aka gama, mutum ɗari da arba’in suka faɗa gidan waɗanda suka warke. Likitocin suka fara murna, wai mutanenmu jikinsu ƙarfi gare shi.

Cikin waɗanda ta kira akwai Malam Gwadabe, manomi a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya ce ras yake. Kwana tara bayan haka wani aiki ya kai ta ƙauyen, ta ce bari ta leƙa ta gaishe shi. Tabarmin zaman makoki ta tarar a ƙofar gida. A gona ya faɗi. Matarsa ta gaya mata tun da ya dawo daga killacewa bai ƙara yin noman awa guda a jere ba, sai ya dafa fartanya yana haki, ya kuma hana a faɗa wa kowa.

Malam Kamilu, direban motar asibiti, yana wurin lokacin da ta dawo ta shiga ofishin babban likitan binciken da fom ɗin Gwadabe a hannu. Shi ya ba ni labari.

“Likita, wannan takardar ƙarya muka rubuta a cikinta,” in ji ta.

“Haba Malama, ai abin da suka faɗa da bakinsu muka rubuta.”

“Ranka ya daɗe, mutanen nan ko suna gargara ka ce yaya jiki, da sauƙi za su ce maka. Ga wanda na sa wa alamar ya warke da hannuna, yau kwanansa uku a ƙasa. Ka bar ni in je gidajensu.”

Likitan ya ce babu mota, babu lokaci. Ta ce ba ta nemi mota ba. Kamilu ya ce ya daɗe bai ga mutum yana kuka yana magana muryarsa ba ta rawa ba sai ran nan. A ƙarshe likitan ya yarda, ya koya mata wani gwaji da ake yi a dogon barandar asibiti: mara lafiya ya yi ta kaiwa da komowa na minti shida, a auna nisan da ya ci, a duba iskar jininsa kafin ya fara da bayan ya gama. Ƙauye babu baranda. Sai ta shiga kasuwa ta sa aka auna mata igiya.

Ranar da ta zo gidanmu ni na tare ta a zaure, kuma ban yi mata mutunci ba. Na ce mun gama da zancen korona a gidan nan, kada a sake jawo mana idon unguwa. Sai ta ce in dai gaya wa Malam ’yarsa ta zo gaishe shi. Ya ce ta shigo.

Ba ta tambaye shi jiki ba. Bayan sun gaisa sai ta ce, “Malam, doguwar ayar da ka saba kaiwa da numfashi ɗaya, yanzu sau nawa kake tsayawa a cikinta?”

Mahaifina ya kalli carbinsa, ya kalle ni, sannan ya ce, “Sau huɗu, ’yar nan. Wani lokacin biyar.”

“Shi ya sa ka bar limancin?”

“Ba na son jama’a su ji limaminsu yana haki a gaban Ubangiji.”

Wata goma sha huɗu muna kwana gida ɗaya da shi ban sani ba. Ni da nake tinƙaho na san mahaifina. Ta kafa ƙusoshinta a filin bayan masallaci lokacin da babu mutane, ta ja igiya, ya fara tafiya. Bai cika minti biyu ba ya nemi jikin katanga, lambar na’urar da ke yatsansa ta yi ƙasa, leɓensa ya canja launi. A makon ta sa aka tura shi Kano aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga tabo a huhunsa duka biyu.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da tambayar da ta dace da shi. Manomi, ta tambaye shi layi nawa yake nomewa kafin ya zauna. Matar gida, ta tambaye ta ko har yanzu ita ke yin daka. Matan ma sai ta aika musu tun da mako guda kada su sa baƙin lalle a yatsa, don yana rikita na’urar. Akwai Fatsuma, mai daddawa a Ringim, wadda masu saye suka guje ta saboda daddawarta ta lalace, wani lokaci ɗanya wani lokaci ta wuce. ’Yan uwa har sun fara cewa iska ce ta taɓa ta. Malama ta murza citta ta kai mata hanci, Fatsuma ta ce ba ta jin komai. Tun korona hancinta bai dawo ba, mai daddawa kuwa da hanci take aiki. Ta fashe da kuka ta ce, “Ashe ba haukacewa nake yi ba.”

Wata bakwai ta yi kafin ta gama zagayen farko. Cikin mutum ɗari da arba’in ɗin da fom ya ce sun warke, hamsin da biyu igiya ta nuna ba haka ba. Wasu numfashi, wasu bugun zuciya, wasu mantuwa da kasalar da ba ta da dalili. Shida sun rasu kafin ta isa gare su. Likitocin suka sake rubutun binciken daga farko, ya fito da Turanci a wata mujalla da ba na jin akwai wanda ya karanta ta a Limawa. Na nemo na duba. Sunayen marubuta tara ne a sama, nata yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda ake godiya.

Binciken ya ƙare, likitocin suka koma jami’arsu, ita ba ta daina fita ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya warke ba. Mahaifina ya sha magani, ya koyi motsa numfashin da ta koya masa, har ya ja sallar asuba sau ɗaya a watan azumi da gajerun surori, ya dawo gida yana murmushi kamar yaro. Bara ya rasu. Amma ya rasu mun san abin da ke damunsa, mun daina barin sa ya ɗauki buta da kansa zuwa rijiya, mun daina cewa tsufa ne kawai. Har yanzu Fatsuma ba ta jin ƙamshi, ƙanwarta ke duba mata daddawa. Littafin nan mai baƙin bango, sunaye goma sha tara aka ja wa layi a cikinsa zuwa yau, na waɗanda suka rasu.

Malama, ke ce kika ƙi karɓar amsar da kowa ke karɓa don ya huta. Ke ce na kora a zaure kika dawo gidan sau ashirin da ɗaya, ba ki taɓa tuna min ba. Ke ce kika ji hakin da mu ’ya’yan cikinsa ba mu ji ba. Uwar masu ɓoye ciwo, ki yafe min.

Ran walimar, bayan jama’a sun watse, na lura daga kujerarta zuwa bakin ƙofa sau biyu ta tsaya tana gyara hijabin da babu abin da ya same shi. Na tambayi ’yarta Ruwaida, ta yi ƙasa da murya ta ce Umma a zaune take salla shekara biyu ke nan. Ashe ita ma ta kamu a ɗakin killacewa tana jinyar mutane. Na ƙarasa wurinta, na ce, “Malama, ashe ke ma kina cikin sunayen nan?”

“Lamba ta sittin da ɗaya ni ce,” in ji ta. “Abokiyar aikina ce ta kira ni.”

“Me kika ce mata?”

Ta yi dariya har ta sarƙe da tari. “Da sauƙi na ce mana. Ta ina kake zaton na san ƙarya suke yi?”

“Kin taɓa bin igiyar?”

“Wa zai riƙe min agogo?”

Na ce ni. Muka kafa ƙusoshin a bayan asibiti, Ruwaida ta maƙala mata na’urar, na riƙe agogo da littafin. Minti uku da ’yan daƙiƙa ta yi, ta zauna a kan dakali, ta daɗe ba ta iya magana ba. Mun samo mata ranar ganin likitan huhu a Kano, wata mai zuwa. Ban san abin da hoton zai nuna ba, kuma ina jin tsoro.

Mun gode, Malama Adawiyya. Allah ya saka miki da abin da ba mu iya ba, ya ba ki numfashin da kika ƙarar a kan hanyoyin ƙauyukanmu. Ku kuma da kuke da wani a gida wanda korona ta taɓa, ko wani ciwo daban, ku daina tsayawa a kan “da sauƙi”. Ku duba me ya daina yi wanda da yake yi, ku tambaye shi wannan. Ma’aikatan lafiyar da ke tasowa, igiya tana nan a kasuwa.

Da numfashinta ya dawo ran nan, na durƙusa na ce, “Sannu Malama, yaya jikin?” Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta fasa, ta nuna littafin da ke hannuna.

“Rubuta abin da ka gani,” in ji ta. “Kada ka rubuta abin da zan ce.”