Tasar Gyaɗar Kawu Ladan

Duk wanda ya san Kawu Ladan ya san tasar gyaɗarsa. Shi ya rubuta manhajar da ake lura da rigakafin shanu da ita a garin Isa, da tsohon yaren kwamfutar nan C, kuma yana da doka. Duk inda ya ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta sai ya jefa ƙwayar gyaɗa a tasa, in ya mayar da wurin ya cinye ta. Ba ya tashi sai tasa ta koma wayam.

Ran nan wani makiyayi daga Turba ya shigo, ya ga gyaɗa, ya yi bisimilla ya share tasar. Wayyo Kawu! Kwana huɗu yana bin rubutunsa layi-layi don gano aron da bai mayar ba, ko tuwo sai an yi da gaske.

Da na dawo daga karatu a Sakkwato, kaina na hayaƙi, na matsa masa mu sake rubuta manhajar da sabon yaren Rust, wanda aka ce ba ya barin mutum ya yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna. Ya tambaya ko ana iya tsallake tsaron. Na ce ana iyawa, amma sai ka rubuta cewa nan akwai haɗari.

"To ɗiyata," in ji shi, "kin yi darni, kin bar ƙohwa buɗe, kin rubuta kar a shiga. Akuya ta iya karatu?"

Na ƙule, na tono masa ranar da manhajarsa ta haɗiye sunayen shanun garin Kamarawa kaf. Ko gezau. Wai C ba ta da laifi, ranar kaza ce ta kifar da tasa.

Na ce ya zauna da gyaɗarsa, na hau mota na koma Sakkwato. Wata bakwai ina fushi ban kira shi ba, sai kiran rasuwarsa na samu.

Bayan sadakar uku na tarar da ƙwaya ɗaya a tasar. Hankalina ya tashi, wato akwai aron da bai mayar ba. Mako biyu ina haƙilon nema a cikin manhajar ban ga komai ba, har matarsa Inna Hajo ta gaji da ni.

"Bar wahal da kanki. Wagga taki ta. Ran da kinka tahi yas saka ta, yac ce ba shi ci sai kin komo."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe mini wata bakwai ɗin nan. Gyaɗar tana nan, na kasa ci.