Dogon Keken Maigidana

Maigidana gajere ne. Da wannan na fara don duk wanda ya san shi da shi yake fara tunawa, shi kansa kuma bai taɓa mantawa ba ko na yini guda. Gajere mai faɗin ƙirji, da zanen Gobirawa daga baki har kunne. In ya kama galma dogaye ba su bin sawunsa. Amma in anka taru a ƙofar gida, shi ne mai neman kututture ya zauna a kai.

Mun baro ƙauyenmu da ke bayan Kurawa a shekarar da ɓarayin daji sunka hana kowa sakat. Munka dawo Sabon Birni, wani ɗan'uwansa ya ba mu ɗaki guda da rumfa. Mutum yana tashi da tabarmarsa da tukunyarsa, gona kuwa ba ta bin kowa. Tana can inda munka bar ta, kuma abin da ke cikinta shi ne tuwonmu na shekara, ba mu da wani. Da damina ta faɗi sai maza su fita da sassafe, su yi noma kunne a buɗe, su dawo kafin la'asar.

Da can yana da babur. Ɓarayin sunka karɓe shi a hanyar Unguwar Lalle, ya dawo a ƙasa ko takalmi babu. Bai sake marmarin wani ba. Babur kiran masifa ne, ƙararsa tana riga ka isa. Keke kuwa ba ya magana. In ka ji motsi sai ka dire, ka ja shi cikin gero, ka kwanta kusa da shi har su wuce. Shi ya sa maza sunka koma wa keke, abin da sunka daɗe da bar wa yara.

Ni a lokacin ina suyar ƙosai a kasuwa. Tun da munka yi hijira kulle ya ƙare, yunwa ba ta san shi ba. Kaskona yana kallon rumfar mai sayar da kekuna, don haka abin da zan faɗa a kan idona ya faru, ba labari anka ba ni ba.

Mai kekunan Bayerabe ne, amma a garin anka haife shi, Hausarsa irin tamu ce sak. Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai na gaya masa: tsakanin Bagobiri da Bayerabe akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Ba a fushi, ba a kai ƙara, kuma wanda ya yi shiru ko ya ja da baya shi anka kayar. Maigidana da mutumin nan sun daɗe suna wannan wasa, kasuwa ta san su, har mutane kan bar ciniki su matso in sun haɗu.

Ranar an kawo wa Bayeraben sababbin kaya ta Maraɗi, kekuna na hannu masu giya, tayoyinsu masu kauri da haƙora. Ƙafar gaba tana da sifirin, tana lotsawa in ka faɗa rami, baya kuwa ƙarfe ne sandararre. Irinsu ake so a hanyar daji. Biyu sunka fi kyau a ciki, wani shuɗi madaidaici da wani baƙi dogo.

"Ga bawana ya iso," in ji Bayeraben. "Ku ba shi hanya, kada wani shi taka shi bai gani ba."

"Bawa ba shi gaida ubangidanai tsaye," in ji maigidana. "Duƙa."

"Ko na duƙa sai na hi ka tsawo. Mi kaka so, mai huskar da kaza ta tona?"

"Keke nika so, ɗan manja. Mai kyau, ba irin wanda kaka cutar mutane da shi ba."

Bayeraben ya jawo shuɗin, ya ce ya haye ƙarfen tsakiya ya tsaya. Haka ake auna keke, na sha gani daga inda nake zaune: ka tsaya ƙarfen yana tsakanin cinyoyinka, tafin ƙafa biyu shimfiɗe a ƙasa, a samu wurin da dunƙulen hannu zai shiga tsakaninka da ƙarfen. Maigidana ya tsaya, ƙafafunsa sunka zauna daram. Ya kama kan keken, hannunsa bai miƙe ba, bai takure ba. Na ga fuskarsa ta saki. Da an bar shi a nan, da ya biya ya tafi.

Sai bakin wasa ya motsa.

"Wanga naka na," in ji Bayeraben. "Awa don kai anka ƙera shi. Ɗiyata ma irinai taka hawa zuwa makaranta."

Mutane sunka kwashe da dariya. Maigidana ya yi dariyar shi ma, amma na san irin wannan dariyar tasa. Ya cire ƙafa daga kan shuɗin a hankali, ya jingine shi, ya nufi baƙin. Da ƙyar ya ɗaga ƙafa ya tsallaka ƙarfen. Ya tsaya a kan 'yan yatsu kamar mai leƙen katangar maƙwabta, ƙarfen ya tokare shi a inda bai kamata ba.

Na ga fuskar Bayeraben ta sauya.

"Wanga ba naka ba na," ya ce, murya ƙasa. "Ya yi maka yawa. In ka shiga yashi ba ka iya sa ƙahwa."

Dariyar ta fi ta farko, don gwanin wasa shi ne mai faɗar magana fuska a ɗaure.

"Wallahi ba wasa nika yi ba. Ɗauki shuɗin."

"Bayerabe ya rantse," wani ya ce daga baya, "kowa shi riƙe aljihunai."

"Bagobiri ba shi hawan jaki ga doki tsaye," in ji maigidana.

Ni ban iya shiru ba, ban taɓa iyawa ba. Daga bakin kasko na ɗaga murya na ce, "Malam, ɗauki shuɗin. Gona za ka, ba kilisa ba."

Bai ko waiwayo ba. "Ƙosanki na ƙonewa," ya ce.

Yana ƙonewar kuwa. Kafin in kwashe, ciniki ya faɗa.

A gida ya sauke sirdin har ƙasa, ƙafarsa ba ta kai feda da kyau ba. Ya sassaƙa guntayen katako ya ɗaure a kan fedojin da robar taya. Wajen hawa sai ya kife tsohon turmina ya taka. Wajen sauka sai ya nemi katanga ko gindin itace ya jingina, in babu ya yi tsalle gefe kamar wanda kunama ta harba. In yana tuƙi ƙugunsa yana karkata dama da hagu, hannuwansa a miƙe har wuya ya sage. Cinyoyinsa sunka saluɓe. Ni ke shafa masa man kaɗanya, ina shafawa ina faɗa, yana kallon rufin ɗaki.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba Bayeraben ya tako har wurin kaskona. Bai ce mini baiwa ba, yadda ya saba.

"Uwar gida," ya ce, "hwaɗa mishi shi kawo shi da sahe, ba kowa rumfa. Mu yi musanya, ba ni ƙara mishi komi. In an tambaye ni in ce baƙin na da lahani na karɓe abuna."

Na kai saƙon yadda anka ba ni. Maigidana yana cin tuwo. Na ga yana so. Sai ya ce, "Kasuwa duk ta gan ni bisa baƙi. In koma bisa na ɗiyatai? Har in mutu ba shi barin maganar."

"To shi yi ta yi. Magana na karya ƙashi?"

"Ke mace ta, ba ki san wasan maza ba. Bari a yi kaka, in sayar in sayi wani a Isa, inda ba a san ni ba."

Shuɗin bai jira kaka ba. Maƙwabcinmu na gona ya saye shi, mutum mai sanyi wanda ko an zage shi sai ya ce madalla. Tare suke fita kullum, shi a kan shuɗin, maigidana a kan baƙin, can sama kamar tsuntsu a kan raƙumi.

Gero ya yi kyau a shekarar, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Zangarniya kamar damtsen mutum. Sunka fara yanka, suna ɗauro abin da keke zai iya ɗauka a baya, kaɗan-kaɗan, don amalanke tana jawo ido.

Abin da ya faru ranar daga bakin maƙwabcin na ji shi, don shi kaɗai ya gani. Da hantsi ne, suna kan tafiya. Akwai wani rafi kafin a kai gonakinmu, ruwansa ya janye, sai farin yashi mai faɗi, gero tsaye a gaɓar nan da gaɓar can. Kullum a bakinsa suke sauka su tura. Ranar suna gangarowa sunka ji babura, ba ɗaya ba, suna tahowa ta cikin rafin.

Maƙwabcin ya ce shi bai ma yi tunani ba. Ya ja birki, ya sa ƙafa biyu ƙasa, ya ja kekensa cikin gero ya kwanta. Maigidana yana gaba da shi kaɗan. Ba katanga, ba itace. Ya nemi ƙasa da ƙafar dama bai same ta ba, ya nema da ta hagu, gangaren ya tafi da shi, tayar gaba ta nutse a yashi. Ya faɗi da keken a fili, ƙafarsa a ƙarƙashin ƙarfen, bakin rigarsa a cikin sarƙa. Yana ja yana ja. Maƙwabcin yana kallonsa ta tsakanin karan gero, kusa ƙwarai, har yana jin numfashinsa.

Ɓarayin ba su tambaye shi komi ba. Ba su ma kashe baburan ba. Ɗaya ya harbe shi yana wucewa, yadda yaro ke jifan ƙadangare. Keken ma ba su ɗauka ba.

Bayan azahar anka kawo shi a amalanke, keken kwance a gefensa, katakon fedar ɗaya ya ɓalle.

Mata sunka cika rumfarmu suna ce mini kwana ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi. Na sani. Ni Musulma ce, ban ja da ajali ba. Amma na ga mutum biyu sun fita hanya guda, sun ji ƙara guda, wanda ƙafarsa ta kai ƙasa ya dawo yana ba da labari. Wanda ya halicci ajali shi ya halicci tsawon ƙafa, ya kuma ba mu ido mu auna. Da na faɗi haka wata tsohuwa ta ce in yi istigfari. Na yi. Ban janye maganar ba.

Bayeraben ya zo gaisuwa. Ina jin maza daga bayan zana. A al'ada abokin wasa ko a gidan mutuwa yakan jefa 'yar magana, ya ce bawansa ya gudu bai biya fansa ba, mutane su murmusa, zuciya ta ɗan yi sauƙi. Anka yi shiru ana jiransa. Bai ce komi ba sai addu'a. Ya daɗe zaune, sannan ya tashi.

Geron, maƙwabcin da wasu sun yanko abin da ke kusa da hanya. Sauran tsuntsu ya ci. A shekarar, da kaskon ƙosai munka rayu.

Da na fita takaba na turo baƙin keken da hannuna, na ratsa gari da shi har rumfar Bayeraben. Mutane suna kallo, na bar su su kalla. Yana ganina ya miƙe.

"Uwar gida, bakina ya ja."

"Bakinka da kunnenai da dariyar kasuwa," na ce. "Har da ni da na yi mishi magana gaban maza, in ana rabo. Ba rabo ya kawo ni ba. Karɓi abinka. Kuma kada ka sake auna mutum gaban jama'a."

Ya karɓa. Ya kwance katakon da ya rage a fedar ya miƙo mini, ban san dalili ba, na kuwa karɓa.

Kasuwar da ta biyo na tarar ya kafa zana a bayan rumfarsa. Duk mai sayen keke can yake shiga da shi, su biyu, ba mai gani. Sai sun fito, an biya, an ɗaure ciniki, sannan za ka ji ya ce, "To bawana, hau ka ba ni wuri." Kafin nan ko murmushi ba ya yi. Wasu suna cewa tsufa ya kama shi.

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfura a kaina, na koyi riƙe alƙalami. Har yau ina suya a wurin nan. Baƙin keken ya daɗe rataye a rumfar ba mai taya shi, don gari ya san na wane ne. Sai wani dogon Bafillace daga wajen Bafarawa ya zo, wanda bai san komi ba. Sunka shiga bayan zana. Daga inda nake zaune ana hango ƙasan zanar, akwai 'yar tazara tsakaninta da ƙasa. Na bar ƙosai a cikin mai na duƙa na duba. Tafin ƙafarsa biyu a shimfiɗe suke.