Ludayi a Kan Injin Markaɗe

"Ludayi kuma, Baba?" in ji matar da ke sayar da injin a waya, tana ta danne dariya.

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ki ɗora shi a kan injin, ki ɗauko min hoto yanzu."

Uwargidana Hajiya ce ta kwashi adashe, take son injin markaɗe na hannu, sai ta ɗora min nema a kasuwar intanet. Ni kuwa na san satar hoto ba ta da wuya. Amma wanda ba shi da inji, a ina zai ɗora ludayi?

Na farkon da na gwada da haka, mai cewa yana Rigachikun, sai ya ce kyamararsa ta lalace, in dai tura kafin alƙalami kada wani ya riga ni. Na ce Allah ya ba kyamara lafiya. Har yau tana jinya.

Ita kuwa wannan, Maman Rahila ta Abakpa, cewa ta yi, "Na miya ko na kunu?"

"Wanda hannunki ya fara kaiwa, 'yata."

Sai ga hoto: inji, ludayi, har da muciya, wai gyara ce.

Washegari muka je da Hajiya, aka tayar da injin a gabanmu, ya markaɗa tattasai, sannan kuɗin adashe ya bar hannunta. Yanzu ƙararsa ce ke hana ni barcin rana, kuma ban kai ƙara ko'ina ba.

Mai gaskiya dai ba ya jin haushin a gwada shi. Ku fa, da me kuke gwada mai kaya?